Aron Tsakani a Fangalin Yaya Nomau

Ku yaran yanzu kun tarar da lambu a dafe. Ku tada inji, ruwa ya bi tiyo, ku koma gindin mangwaro kuna latsa waya, sannan ku buɗe baki ku ce wai lambu ba komai ba ne, watsa iri ne da ban ruwa. Kwanakin baya jikan wani maƙwabcina ya faɗa mini haka a kasuwar Sabon Birni, bakinsa cike da rake. Ban yi masa gardama ba. Daga baya na bi ta wurinsa, na tarar ya cusa kabeji kamar fasinjan a-kori-kura ranar kasuwa, kowanne ya miƙe yana neman iska, babu ko ɗaya da ya naɗe kai. Na yi masa sannu da aiki na wuce. Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Abin da idonku bai kama ba shi ne tazara. Ruwa kowa na iya zubawa, taki kowa na iya watsawa, amma sanin inda za ka sa wannan tsiro da inda za ka sa ɗan'uwansa, nan aka bar mutane da yawa a baya. Mai babbar gona yana iya yin ɓarna, faɗin ƙasa ya rufa masa asiri. Mai lambu kuwa wurinsa bai fi tsakar gida ba, wani ma bai kai ba, in ya ɓata faɗin tafin hannu ya ɓata miyar yini guda. Wannan na koya, kuma da shi na ci abinci har gemuna ya yi fari.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne gyaran fangali, wato ɗan gadon ƙasar nan mai kunya kewaye da ake tara wa ruwa. Ina saurayi na tafi cin rani garin Isa, na faɗa hannun wani dattijo, Baba Illo, mutumin tsallaken iyaka da ya zauna bakin gulbi yana lambu. Ya miƙo mini 'yar fartanya mai gajeriyar ƙota, ya ce in daidaita ƙasa. Na yi, na miƙe ina kaɗe hannu. Ya ɗebo ruwa a ƙwarya ya zuba a bakin fangalin, ruwan ya ruga ya taru a kusurwa guda.

"Wagga kusurwa ta sha ta ƙoshi, waccan ta mutu da ƙishi," in ji shi. "Sake."

Na yi ta sakewa har tafina ya yi kanta. Sannan ya kai ni ga jigo. Da yawanku ba ku taɓa ganinsa ba: doguwar sanda ce a kan gwafa, curin laka a gindinta, gugan fata a kanta. Kai ne za ka ja guga ƙasa, nauyin lakar ya taya ka ɗagowa. Duk ruwan da lambu zai sha sai ya bi ta kafaɗarka. Wanda ya yini a jigo ba sai an yi masa wa'azin tattalin ruwa ba.

Ranar da ya yarda in yi dashen albasa, na zaci za a kawo igiya da turaku. Baba Illo ya kama hannuna ya juya shi, ya ce ga ma'aunina nan, ba ya ɓacewa, ba a aronsa. Buɗe babban yatsa da manuni, taƙi ke nan, shi ne rabon albasa. Buɗe babban yatsa da na tsakiya, ɗani ke nan, rabon salak. Daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu, kamu, na kabeji da tumatir. Karas ana shuka shi layi, in ya fito a rage shi har yatsu biyu su shiga tsakani. Alayyahu kuwa ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, sai an gauraya da yashi kafin a watsa, in ba haka ba ya fito cunkus kamar gashin kai. Ya ba ni wani ɗan tsinken geza mai kaifin baki na huda rami, na tsuguna na fara.

Ban yi nisa ba ya tsayar da ni. Tsiron albasa a ranar dashe bai fi tsinken tsintsiya ba, sai na ga taƙi guda ya yi masa yawa, na riƙa matsewa ba tare da na sani ba.

"Kak ka dubi jariri," ya ce. "Dubi ƙaton da za shi zama. Ganye shi gaida ganye, amma kas su yi kokowa."

Ya kuma hana ni jera su kai da kai kamar sahun salla. Layi na biyu sai ya faɗa daidai tsakanin na farko, yadda kowane tsiro uku za su zauna kamar duwatsun murhu. Da haka fangali ɗaya ke ɗaukar abin da ya fi na mai jere, kuma babu wanda ya tare wa wani rana. Dalilinsa mai sauƙi ne. In ka matse su, su ƙwaci abinci su tashi tsamurarru. In ka ware su da yawa, rana ta samu ƙasa tsirara ta lashe ruwan da ka karya kafaɗa ka ɗebo, ciyawa kuma ta samu masauki. In ka dace, ganyen ya rufe ƙasa, shukar ta yi wa kanta inuwa.

Tazarar ce ma ke zaɓa maka mai saye. Masu tsire da masu shayi manyan kawuna suke so, sai ka ɗan buɗe hannu. Fataken da ke loda jakuna zuwa Burkusuma da tsallake ba sa son babbar albasa mai ruwa, don kafin su isa ta fara ruɓa, matsakaiciya mai tauri suke nema, sai ka ɗan matse. Mata masu gabu ba ruwansu da kai, lawashi kawai suke bi su daka su shanya. Masu kwaɗo kuwa alayyahu ɗanye shar suke so, wanda bai yi kara ba. Tun kana tsugune da tsinke a hannu ka riga ka san wa zai tsaya gabanka a kasuwa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Da na koma garinmu, wani ɗan ƙauye kusa da Gangara, na haƙa rijiya a fadama na kafa jigona. Mutanenmu manoman gero ne tun kaka da kakanni, kuma babu wanda ya kai wana, Yaya Nomau, a wannan fanni. Shi ne ɗan farin mahaifiyarmu, ni ne auta, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da gida. Dogo ne, mai ƙarancin magana, in ya kama hauya sai ka ji tausayin ciyawa. Lambu kuwa bai ɗauke shi noma ba. In ya wuce ya gan ni tsugune sai ya ce, "Auta, ana nan ana noman tsugunne?" Ni kuma in ce, "Ana nan, Yaya." In an yi miya da tattasaina ya fi kowa sa hannu, amma wannan ba a faɗa.

Sai fari ya zo. Damina ta farko ta yi rowa, muka ce ta baɗi za ta rama. Ta baɗin ta zo ta fi ta rowa. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye, aka yanke shi aka ba dabbobi, dabbobin ma daga baya aka kai su kasuwa. Rijiyata ta ƙafe. Mai gari ya tara mutane, aka yi gayya aka haƙa rijiya guda a tsohuwar hanyar gulbi inda ƙasa ke da sauran laima, aka raba wurin da ke kewaye da ita ga magidanta. Rabon kowa bai fi filin da za a kafa ɗakuna biyu ba, ruwa kuma bi da bi, kowa da lokacinsa a jigo. Nawa da na Yaya Nomau suna manne da juna. Da yake na riga na yi renon irin albasa tun rijiyata na da rai, sai na raba wa mutane dashe. Kowa ya karɓa yana tambayar yadda ake yi. Yaya ya karɓi nasa, ya ce Allah shi yi albarka, bai tambayi komai ba.

Washegari da safe na iso na tarar da abin da har yau in na tuna sai na yi dariya, ko da yake ranar ba dariya na yi ba. Yaya Nomau ya zo da sungumi, doguwar fartanyar shukar gero. Yana tsaye ƙyam, ya sari rami, ya yi taku guda, ya sari wani. Da ya gama ya dawo da dashen a hannu, kowane rami ya tsunkulo tsiro cikin yatsu ya jefa, ya tura ƙasa da diddige, daidai yadda ya yi wa gero duk rayuwarsa. Kafin rana ta yi zafi ya gama, ya saɓa sunguminsa yana mamakin abin da ke tsugunar da mutane yini guda. Na dubi fangalin: 'yan tsirarun tuntaye nan da can, kowanne tsiro sun cushe a rami ɗaya, tsakaninsu fili fetal. Ko duka sun yi, ba za su cika kwando biyu ba. Ruwan rabonsa kuwa rana ce za ta sha.

Za ku ce, to me ya hana ka gaya masa? Ku kuna iya gaya wa yayanku ya yi kuskure kuna taunar cingam. A gidanmu ƙane ba ya gyara wa wansa noma, balle a gaban jama'a, balle mutumin da gari ya sani da noma. Da na buɗe baki da ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya ji, kuma da ba zai sake taka wurin ba.

Abin da ya sa hankalina ya tashi, mutane sun fara tafiya. A farin da aka yi muna yara, waɗanda suka nufi kudu neman abinci da yawansu ba su dawo ba, kangayen gidajensu na nan muna wasa a ciki. Yanzu wani maƙwabcinmu, Barmo, yana haɗa ayari, sun ce da sanyi ya fara ja baya za su kama hanya. Rumbun Yaya ya kusa kai ƙasa, ga matarsa Kulu ga yara, kuma kowa ya san ba zai ci daga hannun ƙanensa ba. Niyyarsa ya yi gaba, in ya samu wurin zama ya aiko a kai masa iyali.

Inna ce ta kira ni ɗakinta. Ta tsufa ƙwarai lokacin. Kun san al'adarmu, uwa na kunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa, ba ta zama su yi hira, ko lafiyarsa sai dai ta tambayi wani.

"Auta, na ga wancan shina gyaran takalmi," ta ce.

"Na gani, Inna."

"Ni ba ni da bakin magana. Kai ko ƙane na." Ta murza carbi. "In yat tahi, ba shi iske ni."

Na fita na bar ta. Mu biyu muka fi kowa son ya zauna, kuma mu biyun ne ba mu da ikon faɗa masa.

Na yi ta juya abin a raina ina jan jigo, sai na tuna cewa ƙane ba ya gyara wa wansa, amma yana roƙonsa. Roƙo kam ƙofarsa a buɗe take. Na bari sai da ya zo ban ruwa, mutane sun ragu, na je na durƙusa gefen kunya na gaishe shi.

"Mi kaka so, Auta?"

"Yaya, wurina ya yi mani kaɗan. Ina da sauran iri ba ni da inda za ni sa shi. Na ga tsakanin shukakka da hili. Ko ka ba ni aro?"

Ya dubi filin, ya dube ni. "Wanga wuri na banza? Ɗauka."

"Na gode. Sai kuma in ka tashi cira, kak ka yar da abin da kac cire. Ina so."

Nan na san na kama shi ta inda ya saba. Manomin gero ba ya barin tsiro cunkushe a rami, in sun ɗan tasa sai ya bi ya cire raunana ya bar masu ƙarfi. Ba sai na ce masa ya yi ba, hannunsa ne zai yi da kansa. Ya kuwa yi. Ya bi ramukan ya rage, ya tara mini abin da ya cire a inuwa, har da rufa masa jiƙaƙƙen buhu. Na datse musu kan ganye, na ɗauki tsinkena, na dasa su a tsakanin nasa, taƙi-taƙi, zaman murhu. Inda dashen bai kai ba na watsa alayyahu, na jera salak a gefen kunya. Irinsa ne, ƙasarsa ce, ruwan rabonsa suke sha. Hannu kaɗai ne nawa.

Alayyahu ba ya ɓata lokaci. Da ya kai tsawon hannu na bi na tsuge manyan, wanda shi ne ragewar kuma shi ne girbin farko, na ɗaure dami na aika wa Kulu. Kafin in wanke ƙafa damin ya dawo, Yaya ne ya kawo shi da kansa ya ajiye gabana.

"Abin da nib ba ka aro, ba ni cin shi," ya ce. "Naka na."

Ya juya ya tafi. Na cika masa fangali, amma na kasa kai ko ganye ɗaya bakin tukunyarsa, ga takalmi an gama gyarawa.

Ana cikin haka rijiyar gayya ta fara ja, guga na dawowa da laka. Aka ce sai an shiga an yashe ta an ƙara zurfi, kuma da yake ni ne mai ƙaramin jiki da ya san rijiya, ni aka ɗaura wa igiya. Aikin ba na yini ɗaya ba ne, yashi na zubowa muna tarewa da itace da kara. Kafin in sauka na sake zuwa roƙo. Na ce Yaya ya taimake ni ya duba mini shukar aro, alayyahun na son ragewa, ciyawa kuma ba a cire ta da hauya a irin wannan matsi, sai da yatsa. Ya ɗauki hauyarsa ya wuce. Amma da aka jawo ni sama shan iska, na hango dogon ƙashin bayan nan a lanƙwashe, Yaya Nomau tsugune tsakiyar fangali yana tsince ciyawa ɗaya-ɗaya. Na yi maza na kau da kai, na ce a mayar da ni ƙasa.

Ina cikin rijiyar ne Ige ta zo. Ige wata mata ce daga wajen Burkusuma mai sayar da kwaɗo a kasuwanni, tana yawo da jaki, kuma a shekarar ba ta biya da kuɗi, sai da ɗan gero ko dawa ko garin kwaki da take samu wurin fatake. Bakinta ba ya da linzami. Daga ƙasa nake jin muryarta.

"Wa ad da wanga ganye?"

"Na ƙanena na," in ji Yaya.

"Kai ko mi kaka yi nan, gadi? Ƙato kamakka? To mai gadi, tsuge mani, rana na yi."

Na ji mutanen bakin rijiya na ƙunshe dariya. Ya tsuge mata, ta ƙara da lawashi da salak, har na ji yana ja da ita cewa awonta bai cika ba, sai ta ƙara. Da yamma ya kawo mini geron a ƙwarya, ya ce ga nawa. Na karɓa da hannu biyu, na wuce da shi ɗakin Inna, don lokacin matata ta tafi gidansu haihuwar fari, Inna ke dafa mini. Na ajiye, na faɗa mata inda ya fito. Ta dubi ƙwaryar, sannan ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Kulu, zo ki ɗauki wanga hatsi. Hannuwana sun gaza taɓarya. Kuma daga yau kar a sake hura wuta biyu gidan ga, icce ya yi wuya. Ke za ki dahwa muna, ni za ni raba."

Tsohuwa ta fi ni iya roƙo. Daga ranar tukunya ta zama ɗaya, Inna ke kwasa da hannunta, ta aika wa kowa nasa. Yaya yana iya mayar da damin ƙanensa, amma tuwon da uwa ta kwasa ba a mayar da shi. Ya ci, yaransa suka ci. Ko ya gane ko bai gane ba, bai taɓa faɗa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Muka samu ruwa a rijiyar, ba mai yawa ba, aka rage wa kowa rabo. Nan tazara ta nuna kanta. Fangalin da aka bar ƙasa tsirara, kafin la'asar ya yi ɓawo ya tsattsage. Na Yaya kuwa ganye ya haɗe, in ka tura yatsa ƙarƙashi sai ka ji sanyi. Na gan shi wata safiya yana yin haka, ya tura yatsa ya ciro ya duba, ya matsa gaba ya sake turawa. Ige ta riƙa dawowa, ta jawo wasu matan. Ba ƙoshi ake yi ba, kada ku ɗauka labarin daula nake ba ku. Kunu ne da ganye, wata rana tuwo, amma babu yaron da ya kwana da cikinsa wayam.

Duk da haka maganar tafiya ba ta mutu ba. Yaya namiji ne, ya riga ya yi wa Barmo alkawari, kuma a ganinsa har yanzu tuwon wani yake ci. Sanyi ya fara ja baya. Na ga Kulu ta wanke masa riguna biyu, ta ƙulle su da ɗan gari a tsumma, idanunta jajur. Dabarata ta ƙare. Inna ta daina fitowa tsakar gida.

Ranar tafiyar, bayan sallar asuba, ya ɗauki ƙunshinsa da sanda, ya tsaya ƙofar ɗakin Inna daga waje ya ce a yi masa addu'a. Daga ciki ta ce Allah shi tsare, ba ta ƙara ba. Hanyar kudu ta bakin lambu ta bi, kuma safiyar lokacinsa ne a jigo, sai ya ce mini bari ya ba su ruwan ƙarshe kafin su Barmo su iso. Ya rataye ƙunshin a gwafar jigo, ya ja, ni ina buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali.

Da ruwan ya kai na ƙarshe sai ya saki guga ya zo ya tsaya. A gindin albasar ƙasa ta fara tsagewa, 'yan siraran tsagu kewaye da kowane tsiro. Ya tsuguna ya share ƙasar da yatsa, sai ga farin kai ya fara kumbura, bai fi ƙwan zabuwa ba. Ya share na kusa da shi, haka. Ya bi layin a tsugune yana dubawa, da waɗanda ya shuka da diddige da waɗanda na dasa, duk sun fara.

"Auta, yanzu mi taka so?"

Tun da aka haife ni, ranar ce ya fara tambayata wani abu a kan shuka.

"Ruwa kaɗan-kaɗan ba yankewa, Yaya. In ta sha ƙishi yanzu, kan tsagewa shika yi. Sai wuyanta ya kwanta a ɗauke mata ruwa. Ga shi ni ɗaya ba ni iya jigo biyu."

Wannan ba dabara ba ce, gaskiya na faɗa masa.

Su Barmo suka iso, maza da ƙunshi a ka, wasu da yara a kafaɗa. Barmo ya tsaya bakin shinge.

"Nomau, taso mu tahi tun rana ba ta yi ba."

Yaya bai miƙe ba. Yana mayar da ƙasa gindin wadda ya tona, yana dannawa a hankali.

"Barmo, ka taɓa ganin na bar shuka ta hiddo kai nit tahi?"

"Ai ba taka ta ba. Kai da bakinka kac ce ta ƙanenka ta."

"Cikin ƙasata take," in ji Yaya. "Ku yi gaba. Allah shi kai ku lahiya."

Barmo ya ɗan tsaya, ya ga babu alamar tashi, ya yi mana sallama suka wuce. Na bi su da ido har suka sha kwanar kalgo. Na zauna a kan kunya, daɗi ya cika ni har na rasa inda za ni sa idona. Yaya ya koma jigo, ya ce in tashi in buɗe wa nawa fangalin, tunda ga shi a tsaye bari ya ja mini.

Da hantsi na koma gida. Inna na zaune bakin ƙofarta, Kulu na gefe ta auno hatsin yini a ƙwarya, kuma na lura awon ya ragu da na jiya. Inna ba ta dube ni ba.

"Mutane sun tahi?"

"Sun tahi, Inna."

"Dukansu?"

"An bar mai ba albasa ruwa."

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta jawo gefen mayafi ta goge fuska, ta daɗe tana gogewa, sannan ta juya wajen Kulu.

"Ke, maida abin da kir rage. Awon jiya za a yi."

Kulu ta ɗauki ƙwaryar ta nufi rumbu, har tana tuntuɓe da turmi.